Tambaya da Amsa: Latbiyanci da Sebuwano, Wa Ya Fi Wani?

A fitowar da ta gabata na jefa wata magana a jimla guda na wuce. Na ce akwai harshen da masu shi ba su kai miliyan 2 ba amma da shi ake shari'a, da shi ake karatun likita, akwai kuma mai mutum miliyan 20 da ba a rubuta dokar ƙasa da shi. Na ambaci Latbiyanci, harshen ƙasar Latbiya a Turai, da Sebuwano na ƙasar Filifin. Ashe na tsokano tsuliyar dodo. Ga uku daga cikin wasiƙun da suka shigo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Gardama ce ta haɗa ni da yayana, muka ce kai za ka raba mu. Bayan na karanta maganarka sai na duba jerin harsunan Wikipedia, na ga Cebuano ne na biyu bayan Turanci, da maƙaloli sama da miliyan 6, ya wuce Jamusanci, ya wuce Faransanci. Na Latbiya kuwa yana can ƙasa. Yayana ya ce Cebuano ba harshen mutane ba ne, kwamfuta ce ta ƙirƙire shi, shi kuma na Latbiya Rashanci ne aka sauya wa suna. Ni na ce ba haka ba ne, amma ba ni da hujja. Wa ke da gaskiya, kuma wanne harshen ya fi girma?
Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe min da yayanka, ka ce masa jifansa biyu duk ba su sami tsuntsu ba, sai dai na farkon ya taɓa reshe.

Mu fara gyara suna. Ana rubuta shi Cebuano, amma harafin farkon ba irin namu na "ciki" da "cokali" ba ne, rubutun Sifaniyawa ne, Sebuwano ake furtawa. Sunan daga tsibirin Sebu yake, a tsakiyar ƙasar Filifin. Su kansu masu harshen Bisaya suka fi cewa, ko Binisaya. Wannan da kunya na koye shi. Shekarun baya ina jiran jirgi a wani filin jirgin sama, wani bawan Allah a gefena yana ta waya, ina jin yana maimaita "salamat, salamat". Da ya gama, don in nuna masa ni ma na san duniya, sai na ce ai na ji Tagalog yake yi, harshen yankin Manila, babban birnin Filifin. Ya yi murmushi irin na wanda ya gaji da wannan gyaran, ya ce a'a, Bisaya ne, shi Tagalog a makaranta ya koya da talabijin. Ka ga mutum ne mai jini a jika. Irinsa sun kai kimanin miliyan 20, a Sebu da Bohol da gabashin Negros da yammacin Leyte da wani babban ɓangare na tsibirin Mindanao. Rodrigo Duterte, wanda ya mulki Filifin daga 2016 zuwa 2022, harshensa na gida ke nan.

Ba kuma jiya aka fara jin sa ba. A 1521, da jiragen ruwan Magellan, matuƙin da Sifaniya ta aika, suka isa Sebu, marubucin tafiyar, Antonio Pigafetta, ya rubuta jerin kalmomin mutanen wurin, da yawa daga cikinsu har gobe ana gane su. Shi dai Magellan bai bar yankin da rai ba, mayaƙan wani basarake mai suna Lapulapu suka kashe shi a tsibirin Mactan a watan Afrilun shekarar. Harshen yana da jaridu tun farkon ƙarni na 20, kuma mujallar nan mai suna Bisaya tun 1930 aka fara buga ta.

Reshen da yayanka ya taɓa shi ne maƙalolin. Mafi yawansu ba hannun mutum ya rubuta ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Sverker Johansson, ya haɗa wata manhaja mai suna Lsjbot, tana ɗebo bayanai daga rumbunan bayanan kimiyya da na taswira tana zuba su cikin jimlolin da aka riga aka tsara mata. Shi ya sa in ka buɗe za ka tarar da shafi a kan wani ƙwaro, ko wani tudu a Kanada, ko wani rafi a Noway da ko mutanen garin ba su damu da shi ba, layi biyar ko shida, shi ke nan. Na Latbiyanci maƙalolinsa sun ɗan haura dubu 100 ne kawai. Don haka kada ka auna harshe da wannan mudun.

Jifa na biyu kuwa, kada yayanka ya kuskura ya maimaita shi a Riga (babban birnin Latbiya ke nan, ba ta sawa ba). Latbiyanci ɗan reshen Baltik ne na babban gidan harsunan Indiya da Turai. Ɗan'uwansa na jini da ya rage a raye shi ne harshen Lituwaniya. Suna da wani ɗan'uwan, tsohon harshen Furushiya, wanda ya mutu wajen shekarar 1700 bayan Jamusanci ya shanye masu shi. Da Rashanci akwai dangantaka, amma ta kakannin kakanni ce, Barashe ba zai fahimci ɗan Latbiya ba sai ya zauna ya koya. Ko haruffansu sun yi hannun riga: Latbiyanci da haruffan boko ake rubuta shi, guda 33.

Abin da ya sa maganar take musu ciwo tarihi ne. Tun kafuwar Riga a 1201 Jamusawa ne iyayen gida, Latbiyanci harshen manoma ne da barori. Aka yi mulkin Folan, da na Suwidin, da na sarakunan Rasha. Sun sami 'yanci a 1918, Tarayyar Sobiyet ta haɗiye su a 1940. Aka kwashi mutane zuwa Saberiya, aka shigo da ma'aikata daga wasu sassan tarayyar, har ƙidayar 1989 ta nuna 'yan asalin Latbiya kashi 52 cikin 100 ne kacal a ƙasarsu. Mutumin da ya ga haka da idonsa ba ya wasa da harshe.

Akwai abu guda da nake so ka gani a zuci. A babban ɗakin karatu na ƙasar, a Riga, akwai wani kabad na katako mai ƙananan aljihuna birjik, cike da 'yan guntayen takardu. Kowace takarda waƙar gargajiya ce, galibi mai layi huɗu, suna kiran su daina. Wani dattijo, Krišjānis Barons, ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara su yana jerawa, aka buga fiye da 200,000 tsakanin 1894 da 1915. A 2001 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa kabad ɗin cikin kundinta na rubutattun kayan tarihin duniya. Mutanen da ba su da sarki nasu, ba su da fada, suka adana kansu a waƙa.

To wanne ya fi girma? In kai ake ƙirgawa, Sebuwano ya ninka Latbiyanci fiye da sau goma, don masu Latbiyanci kusan miliyan 1.5 ne. Amma ɗayan yana da gwamnati a bayansa, ɗayan ba shi da ita. Latbiyanci shi kaɗai ne harshen hukuma a ƙasarsa. A 2012 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ƙara Rashanci, kusan kashi 75 cikin 100 suka ce a'a. Tun shigarsu Tarayyar Turai a 2004 dokokin tarayyar sai an fassara su da shi. Akwai hukumar da ke bin sawun amfani da shi a ofisoshi da shaguna da allunan talla, har tara take ci. Akwai masu ƙirƙirar sababbin kalmomi, shi ya sa kwamfuta a wurinsu dators ce, alhali Sebuwano kompyuter ya ara ya wuce.

A Filifin kuwa, a 1937, zamanin Shugaba Manuel Quezon, aka zaɓi Tagalog, harshen yankin Manila, ya zama tushen harshen ƙasa. Mutanen Bisaya har yau abin yana musu zafi. Tsarin mulkin 1987 ya ce Filifino, harshen ƙasar da aka gina kan Tagalog, da Turanci ne harsunan hukuma, sauran mataimaka ne a yankunansu. Yaron Sebu da Bisaya yake wasa, da shi ake masa faɗa a gida, da shi yake jin rediyo, amma in ya zo neman aiki takardar da Turanci zai rubuta. A 2012 an fara koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa, a 2024 wata doka ta janye tilascin hakan.

Ni dai ina jinjina wa Latbiyawa, sai dai ba na rufe ido. Wajen kashi ɗaya cikin uku na mazauna ƙasar Rashanci suke yi a gida, kuma da yawansu suna ganin an matse su, musamman da aka yi dokar mayar da duk makarantu koyarwa da Latbiyanci zalla. Sannan akwai wani ɗan ƙaramin harshe a gaɓar tekunsu, na mutanen Libon, wanda Latbiyancin ne da kansa ya shanye shi. Wadda ake ɗauka ta ƙarshe da ta sha shi a nono, Grizelda Kristiņa, ta rasu a Kanada a 2013. Shi ma Sebuwanon da ke kukan Tagalog ya danne shi, haka yake danne ƙananan harsuna a Mindanao.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare. Tambayata ta nahawu ce: in Bahaushe zai koyi ɗaya daga cikin biyun nan, wanne zai fi kwanta masa a baki?
Daga wata malama.

AMSA: Barka kadai, Malama. Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, sai ki yi haƙuri in na zarce.

Ta wajen furuci, Bahaushe ba baƙo ba ne a gidajen biyu. Latbiyanci yana bambanta dogon wasali da gajere, kamar yadda muke bambanta gari na zama da gari na tuwo. Inda suka fi mu shi ne su suna rubutawa, da ɗan layi a saman wasalin. Kazas awaki ne, kāzas bikin aure. Wanda ya manta layin nan a katin gayyata ya kira mutane kallon awaki. Suna kuma da karin sauti iri uku a kan doguwar gaɓa, wannan kam ba sa rubuta shi, kamar mu. Sai wani tarko da na san ɗalibanki za su faɗa: harafin ķ. Kallo ɗaya za a ce ƙ ɗinmu ce ta juya. Ba ita ba ce. Tamu ƙugiyarta a sama, tasu waƙafi ne a ƙasa, kuma sautinta ya fi kusa da "ky" na "kyau". Haka ģ tana kusa da "gy" na "gyara". Bature na fama da waɗannan, mu kuwa a bakinmu muka same su. Nauyin kalma kusan kullum a gaɓar farko yake, babu wahala.

Sebuwano asalinsa wasula uku ne, a da i da u, sauran biyun da kalmomin aro suka kankama. Yana da hamza irin tamu ta "sa'a", har a ƙarshen kalma, kuma ba a rubuta ta. Wala in babu hamza hagu ne, in da hamza a ƙarshe "babu" ke nan. Abin da zai ɗan ba mu wuya shi ne sautin hancin nan da muke yi a ƙarshen "nan" da "can", su a farkon kalma suke sa shi: ngano, don me, ngipon, haƙori. Ki gwada, za ki ji harshe yana neman ƙara wasali a gaba.

Rigimar tana nahawu, kuma kowanne da inda ya ɓoye tasa. Latbiyanci a suna ya ɓoye. Ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, littattafan makarantarsu suna ƙirga hali bakwai. Ɗan'uwa namiji brālis ne in shi ne aikau, brāli in karɓau ne, brālim in shi aka yi wa, brāļa in abinsa ne. Dubi yadda l ta rikiɗe a ta ƙarshen, irin abin da ke faruwa da t a "mota" da "motoci". Wanda ya fi burge ni shi ne na wuri. Rīga sunan birnin ne, Rīgā kuma "a Riga", tsawon wasalin ƙarshe kawai ya raba su. Ke da kike koyar da Hausa kin san muna da irin wannan a juye: wasalin ƙarshen "gida" dogo ne in sunan ginin ake nufi, in an ce "ya tafi gida" sai ya gajarce. Su ja suke yi, mu yankewa.

Saboda dole kowane suna ya karɓi waɗannan ɗafa-ƙeya, har sunayen baƙi sai an yi musu kwaskwarima. Sunan namiji galibi sai ya ƙare da s. A jaridunsu Donalds Tramps za ki gani, da Baraks Obama, da Muhameds. Har a fasfo haka suke yi, abin da ya taɓa kai su gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Jinsi biyu gare su, namiji da mace, kamar mu, kodayake "kai" da "ke" duk tu ne a wurinsu. Babba kuwa jūs ake ce masa, daidai da yadda muke cewa "ku" don girmamawa.

Sebuwano a suna babu ruwansa. Babu jinsi, siya shi ne "shi", shi ne "ita". Jam'i kuwa, duk wahalar nan da ɗalibanki ke sha da "gidaje" da "birane" da "tumaki", su kalma ɗaya suke ajiyewa a gaba, mga, ana furta ta "manga". Balay gida, mga balay gidaje. Suna son ninki kamar mu: hinay-hinay shi ne sannu-sannu, ba ƙari ba ragi. Har ɗafa-ciki suna da shi, ita ce "in" ɗin da ta shiga cikin Bisaya ta ba da Binisaya.

Sai mutum ya saki jiki, ya zo kan aikatau, nan ake yin ta. Aikatau ne ke fara jimla, kuma siffarsa tana nuna wanda aka haska wa fitila a maganar. Saiwar "saye" ita ce palit. In aka ce "Mipalit ang babaye og isda", matar ce a gaba: matar ta sayi kifi. In aka ce "Gipalit sa babaye ang isda", kifin ne a gaba, wani sanannen kifi da muka riga muka yi zancensa. In aka ce "Gipalitan sa babaye og isda ang bata", yaron da aka saya wa ne a gaba. Kalmar ang ita ce fitilar, duk inda ta koma sai aikatau ya sauya riga. Turawa sun daɗe suna muhawara kan sunan da za su ba wannan tsari. Amma wanda ya tashi da "saya, sayi, saye, sayo, sayar" ya riga ya saba da saiwa ɗaya tana sauya baki ma'ana na juyawa. Ba abu ɗaya ba ne da giredin aikatau namu, kar a ce na faɗa, sai dai kunnen da ya saba da wannan ba zai firgita da wancan ba.

Suna da wani abu da na so a ce muna da shi, "mu" iri biyu. Kita mu har da kai, kami mu ban da kai. In baƙo ya ji "Mangaon ta", an ce mu ci abinci, sai ya matso. In ya ji "Mangaon mi", za su ci ne su kaɗai, sai ya gyara zama ya kama kallon rufi.

Hukuncina, Malama: in magana ake so, Sebuwano zai fi saurin kama bakin Bahaushe, cikin 'yan watanni zai yi ciniki a kasuwar Sebu, kodayake aikatau zai daɗe yana kayar da shi. Ga kuma karin harshe, mutanen birnin Sebu suna haɗiye l, balay ta koma bay, wanda littafi ba zai faɗa miki da wuri ba. Latbiyanci ƙofarsa ce mai nauyi. In an haddace jadawalin sunaye, abin da aka rubuta kusan shi ake furtawa, kuma littattafan koyo da ƙamusoshi sun wadata.

TAMBAYA: Malam, ni tsoho ne, karatu nake don rage dare. Shin harsunan nan biyu ba su haɗa komai ba ko ta wajen kakanni?
Daga wani dattijo.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ta wajen jini babu. Dangin Sebuwano su ne Tagalog da harshen Male na Indunisiya da Maleshiya da na Hawai, har da na Madagaska a nan gefen Afirka, gida ne mai harsuna sama da 1,000 da masana ke ganin daga Taiwan ya bazu ta kwalekwale. Biyar a Sebuwano lima ce, a Male lima, a Hawai lima.

Amma akwai zumuncin da ya shigo ta ƙofar baya. Sifaniyawa sun mulki Filifin daga 1565 zuwa 1898, suka bar kalmomi tuli: lamesa tebur, kutsara cokali, kabayo doki. Sebuwano yana da ƙirgensa, usa, duha, tulo, amma in kuɗi ne ko agogo sai a koma uno, dos, tres, kamar yadda muke da "ɗaya, biyu" sannan mu ari "ashirin, talatin" daga Larabci. To uno, dos, tres ɗin nan da viens, divi, trīs na Latbiyanci kakansu ɗaya. Haka sunan Ubangiji: Diyos da Sebuwano ya ara daga Sifaniyanci da Dievs na Latbiyanci tushensu guda.

Wani abin da zai ba ka dariya, dukansu suna da "wai". Ɗan Sebu in ya ce "Naa siya sa balay", yana gida ke nan. In ya soka kuno, "Naa kuno siya sa balay", wai yana gida. Ɗan Latbiya a jikin aikatau yake ɗinka tasa: "Viņš ir mājās" yana gida, "Viņš esot mājās" wai yana gida, ni dai ban gani ba.

Godiyar Latbiyawa paldies ce, asalinta addu'a ce da aka dunƙule, "Allah ya taimaka". Ta Sebuwano kuwa, salamat, Larabci ce, 'yar'uwar "salama" tamu, ta bi bakin fataken Male ta tsallaka teku ta isa tsibiran. Ita ce kunnena ya cafke a filin jirgin nan har na je na yi wa mutum katsalandan.